Muntari da Jif ɗin Ƙanensa

A Tungar Marke, wani ƙauye da ke bakin Gulbin Zamfara a ƙasar Gummi, idan ka tambayi tsofaffi wanda ya fi kowa sanin fadama, Muntari za su ce maka. Idan kuwa baƙo ka tambaya, sai ya ce Yahaya mai jif. Su biyun uwa ɗaya uba ɗaya suke, Muntari ne babba, akwai shekara goma sha biyu tsakaninsu.

Muntari gajere ne kakkaura, mai faɗin ƙafa, dugadugansa duk faso saboda zama cikin ruwa. Ba shi da yawan magana. Yana da shekara goma sha bakwai ubansu ya rasu, ya bar masa gonar shinkafa da uwa da ƙanne huɗu. Tun daga ranar bai sake yin wata sana'a ba. Ya san inda ruwan gulbi ke fara kutsowa idan damina ta yi nisa, ya san inda yake kwanciya har kaka, ya san wurin da ƙasa ke yaudarar mutum, sama a bushe ƙasa kuwa taɓo. Da aka fara noman rani da inji a yankinsu, yana cikin mutum uku na farko da suka gwada, aka yi ta yi musu dariya har sai da aka ga zangarniya a watan zafi.

Da shinkafar nan ya aurar da ƙannensa mata, da ita ya sa Yahaya makaranta a Gummi. Yahaya bai yi nisa a karatu ba, amma Allah ya ba shi baki da farin jini. Ya koyi tuƙi a Gusau, ya wuce Kaduna, ya yi shekara ashirin da wani abu yana jan motar wani kamfani. Sai da Sallah ake ganinsa, da farar shadda da ƙamshin turare.

Uwarsu, Inna Dija, irin matan da ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunan Muntari ba, ba ta zama su yi hira, ba ta yabonsa a gaban mutane ko a bayansu. Idan ya sauke mata buhunan shinkafa a ƙofar ɗaki, sai ta dubi buhunan ta ce an gode Allah. Idan kuwa Yahaya ya aiko da turmin atamfa ɗaya, sai ta zaga da shi gida-gida a gani. Muntari ya san al'ada ce, shi kansa haka yake yi wa babbar 'yarsa. Amma sanin hakan bai taɓa hana abin yi masa zafi ba. Yakan haɗiye ne kawai ya ɗauki fartanya.

Da aikin Kaduna ya ƙare, Yahaya ya dawo gida da wata tsohuwar jif koriya mai buɗaɗɗen baya, ya sa aka ƙera mata benci biyu. Da farko buhuna take ɗauka zuwa kasuwar Gummi. Sai wata rana aka yi biki a ƙauyen, baƙi suka zo daga Sakkwato, bayan la'asar suka rasa abin yi. Yahaya ya kwashe su ya shiga da su fadama. Ya bi ta tsakiyar gonaki a hankali yana ba su labari, ya kai su kan wani tudu da ke da tsohon icen marke, inda mutum ke hango fadamar gaba ɗaya, shinkafa kore shar har inda ido ya ƙare, rana kuma tana gangarawa ta faɗa bayan gulbi. Baƙin suka ɗauki hotuna da wayoyinsu, suka tafi suna ba da labari.

Kafin shekara ta zagayo abin ya zama sana'a. Malaman gona da aka turo aiki Gummi, ɗalibai, ma'aikatan asibiti, 'yan gari da suka zo hutu da iyalansu daga birni, kowa sai ya nemi Yahaya mai jif. Yakan tashi da su bayan sallar la'asar, ya dawo da su kafin a kira magariba, domin a wannan zamanin ba mai son duhu ya same shi a bayan gari.

Tudun marken nan a kan gonar Muntari yake. Nan jif ɗin ke tsayawa kullum, daidai lokacin da shi yake duƙe cikin laka yana cire ciyawa ko yana gyara hanyar ruwa. Yana ji Yahaya na nuna wa baƙi gonar yana cewa gonarmu ce. Ba ƙarya ya yi ba, ba a raba gado ba. Amma Yahaya bai taɓa dasa ko tushe ɗaya a cikinta ba. Yana ji yana kiran irin shinkafar da sunan da ba nata ba, yana faɗin kwanakin da take yi kafin ta nuna ya rage sati biyu, baƙi suna gyaɗa kai, wasu har suna rubutawa. Wani yammaci wani saurayi mai tabarau ya nuna Muntari ya tambaya ko ɗan ƙwadagon Yahaya ne. Yahaya ya yi maza ya ce a'a, yayana ne, shi ya raine ni. Amma maganar farko ce ta zauna wa Muntari. Bayan kwana biyu matarsa Basira ta nuna masa wani hoto a wayar maƙwabciyarsu: bayansa ne, ya duƙa, rana ta yi ja a kansa, an rubuta a ƙasa wai fadamar Yahaya. Basira dariya ta yi, ta ce ashe ƙeyarsa ma ta yi suna. Shi bai yi dariya ba. Ranar tuwo kaɗan ya ci.

Ba za a ce Yahaya bai kyauta masa ba. Sau da yawa yakan roƙe shi ya hau gaba ya zauna, shi ya riƙa yi wa baƙi bayani tunda shi ne masani. Muntari yakan ce shi ba shi da lokacin yawo. Ya fara samo wa motar laifi: tayoyinta suna rushe kunya, hayaƙinta yana damun shanu, baƙi suna tattake dashe. Wasu laifin gaskiya ne, wasu kuwa shi ma ya san ƙari ne. A majalisa idan aka ɗauko zancen Yahaya sai ya tuna yana da abin yi a gida. Ya san sunan abin da ke cin sa. Yakan nemi tsari daga hassada bayan kowace salla, amma da ya ji kukan jif ɗin daga nesa sai abin ya dawo masa sabo.

Abin da ya faru ya faru ne a wata Laraba cikin rani, shinkafa ta fara ɗaukar ciki. Tun asuba Muntari ya tayar da inji yana ba gona ruwa. Wajen hantsi ƙaramar hanyar ruwan da ta ratsa ƙarƙashin turbar mota ta fashe, ruwa ya yi ta kwanciya a wurin bai sani ba. Da ya gano da azahar ya toshe, amma ƙasa ta riga ta sha. Zafin rana ya busar da saman, ya yi ɓawo, wanda bai sani ba zai ce hanya ce garau. Ya caka sanda, ta nutse har rabi. A ransa ya ce idan Yahaya ya zo zai gaya masa ya zagaya ta gabas.

Bayan la'asar jif ɗin ta iso. Muntari yana bakin turba, kamar taku ɗari biyu kafin wurin. A baya akwai mata uku ma'aikatan asibiti da wani malamin gona. A gaba kuwa, kusa da Yahaya, Inna ce zaune. Ta yafa sabon mayafi, ta riƙe ƙarfen mota da hannu biyu, tana dariya har ana ganin gurbin haƙoranta. Shekara da shekaru ƙafa ta hana ta zuwa fadama. Muntari ya sha cewa zai kawo ta a amalanke ta ga gona, takan ce a bar ta ta huta. Ga ta yau a motar auta, tana gaya wa baƙi cewa wannan yaron tun yana ƙarami ba ya son ganin ta cikin kewa.

Yahaya ya taka birki ya leƙo.

"Yaya, sannu da aiki. Hanyar marke lafiya dai ko?"

Muntari ya dubi Inna. Ta kau da kai kamar yadda ta saba, dariyar ta ɗauke. Maganar tana bakinsa, ya riga ya shirya ta tun azahar. Sai ya ji kansa yana cewa:

"Hanya tana nan inda ka bar ta."

Ya juya ya shiga gona. Bai duba baya ba, amma kunnensa yana wurin. Ya ji motar ta sauya giya, ya ji ta yi gaba, sannan ya ji wani irin gurnani, sai ihun mata. Da ya ɗago, jif ɗin ta nutse har ciki, ta karkata wajen rami, tayar baya tana juyawa tana watsa laka.

Bai san lokacin da ya jefar da fartanya ba. Da ya iso, Yahaya ya fito yana cikin taɓo har gwiwa. Inna ta bugi ƙarfen gaban mota, goshinta ya tsage, jini yana bin gefen hancinta. Ɗaya daga cikin matan ta danne wurin da gefen gyalenta. Malamin gonar sai duba agogo yake yana duban rana. Ba wanda ya faɗi abin da ake tsoro, amma kowa ya san saura kaɗan rana ta faɗi, kuma tsakaninsu da gari tafiya ce mai nisa ga tsohuwa.

Muntari ya ce wa Yahaya ya kashe mota, ƙara taka ta ƙara binne ta ne. Ya sa malamin ya karyo rassa, ya sa Yahaya ya kwaso tsohon bambaro daga gefen gona. Shi kuwa ya ruga rugar Sanda, wani Bafulatani maƙwabcinsa da suka shekara talatin suna musayar kara da taki. Sanda bai tambayi komai ba, ya kwance bijimai biyu na huɗa, ya ɗauko igiya.

Kafin a ja motar dole a sauke Inna, ga shi ba za ta iya taka lakar ba. Muntari ya duƙa a bakin ƙofa ya ba ta baya. Ta yi jim, sannan ta hau. Ya yi mamakin rashin nauyinta, ko rabin buhu ba ta kai ba. Rabon da jikinsa ya taɓa nata tun yana yaro, shi ma ba ya iya tunawa. Yana ratsa taɓon a hankali zuwa tudu, ya ji numfashinta a bayan kunnensa.

"Kai wanga," ta ce da murya ƙasa-ƙasa. "Ruwan ga, kai kas sake shi?"

"Ni ne, Inna."

"Ka san ya ci hanya?"

Ya ci gaba da ratsa taɓon. Ita kuwa ba ta sake tambaya ba. Da suka kai gindin marke ta ce ya sauke ta.

Sai da aka yi ja uku. A na ukun bijiman Sanda suka durƙusa suka miƙe, Yahaya ya taka, Muntari da malamin suka tura daga baya, motar ta fito tana zubar da laka. Matan suka yi ta sa albarka. Lokacin nan rana ta taɓa bakin gulbi. Duk da ana sauri, sai da kowa ya ɗan tsaya. Ruwan da ke kwance a gonaki ya koma ja, balbelu suna dawowa jere-jere zuwa itatuwa, iska ta taso tana kwantar da shinkafa tana tayar da ita. Inna tana zaune a kan saiwar marke da tsumma a goshi, tana kallo. Muntari ya matso don ya ɗauke ta, sai ya ji tana gaya wa matar da ta ɗaure mata ciwon cewa lokacin da mai gidanta ya rasu, rabin wannan gonar ciyawa ce da ramukan ɓera, ko jaki ba ya shiga. Ba ta faɗi wanda ya gyara ta ba. Ba ta kuma dube shi ba.

Sun shiga gari ana kiran salla. Kashegari labari ya bazu cewa Muntari ne ya ceci baƙi da tsohuwa. A masallaci mutane suka yi ta miƙo masa hannu. Matan asibitin suka aiko masa da hoton da suka ɗauke shi yana riƙe da igiyar bijimi, wannan karon da fuskarsa da sunansa. Shekara biyu yana son irin wannan yabo, da ya zo kuma sai ya zame masa kamar garwashi a aljihu. Duk sanda ya shiga gaida Inna idonsa kan sauka a kan goshinta. Ita ba ta gaya wa kowa ba. Amsa gaisuwarta ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

Kwana uku ya yi yana jido duwatsu da amalanke, ya cike wurin, ya binne bututu a ƙasa don ruwa ya riƙa wucewa. Mutane suka ƙara yabonsa. A rana ta huɗu ya sami Yahaya a ƙofar gida yana wanke jif, ya tsaya har ya gama, sannan ya gaya masa komai: ya san hanyar ta lalace tun azahar, ya caka sanda ya gani, kuma da gangan ya yi shiru. Yahaya ya daɗe yana matse tsumman da ke hannunsa.

"Da Inna a ciki, Yaya?"

"Da ita a ciki."

Yahaya bai yi faɗa ba. Muntari ya so a ce ya yi. Yahaya ya ɗauki bokitinsa ya shige gida. Kusan wata biyu ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa, jif ɗin kuma ta daina tsayawa a tudun marke, ta koma wani wuri can gabas da bai kai nan kyau ba. Muntari ya sami shirun da yake nema a gonarsa. Sai ya tarar da kansa yana ɗaga kai duk bayan la'asar, yana hangen ƙurar motar daga nesa, yana jin haushin mai gonar da ake tsayawa a kanta yanzu. Basira, wadda ya gaya wa gaskiya tun daren farko, ta ce masa shi dai ba a iya masa, an zo ya ji zafi, an daina zuwa ya ji zafi.

Ba wani zaman sulhu aka yi ba. Da girbin rani ya zo, Muntari ya wayi gari ya ga jif a bakin masussuka, Yahaya yana loda buhunansa ba tare da an kira shi ba. Suka yi sawu shida ranar, suna zancen farashin taki da ciwon ƙafar Inna. Maganar Laraban nan ba su sake tayar da ita ba.

Daga baya baƙi suka yi ƙaranci. Hanyoyi sun ƙara lalacewa da rashin tsaro, ma'aikata suka daina fita bayan gari don shan iska. Jif ɗin ta koma ɗaukar buhuna da masu naƙuda, sai jefi-jefi idan an sami kwanciyar hankali Yahaya ya fita da mutum uku ko huɗu. Inna ta rasu a daminar da ta biyo, a ɗakinta, da su biyun a kusa. Bayan an yi arba'in Yahaya ya ce yana son ya gwada noma. Muntari ya yankar masa gefen gona mai kyau, ba na ƙarshe ba, ya nuna masa yadda ake tsare ruwa. Shekarar farko tsuntsaye da ciyawa suka raba amfanin. Muntari ya jajanta masa, kuma Allah ya sani a can cikin ransa wani abu ya yi sanyi.

A shekara ta biyu Yahaya ya karɓo wani sabon iri daga malamin gonar nan da suka kafe tare. Ya bi duk abin da aka gaya masa, kamar yadda direba ke bin alamar hanya. Shinkafarsa ta riga ta Muntari nuna da kwana goma sha biyar, zangarniyarta ta fi tsawo, har manoma daga wasu ƙauyuka suna zuwa gani. Aka riƙa ganin Muntari da sassafe a kan iyaka, hannu a baya, yana duban nan yana duban can. Wani lokaci yakan tsinko zangarniya ɗaya daga kowane gefe ya ɗora a tafin hannu yana gwada nauyi, idan ya ji motsin mutum ya jefar.

Yanzu ya haura shekara sittin, gemunsa ya yi fari, har yau shi ake kira idan ruwa ya rikice a fadama. Bara ne ya yi kwana tara yana shawara da kansa, sau biyu yana kaiwa ƙofar Yahaya ya dawo. A na ukun ya yi sallama, ya zauna, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce ko da sauran irin nan, a ɗiba masa kwano biyu. Ya ce ba wani abu ba ne, akwai wani lungu da ba ya komai, nan zai watsa ya gani. Yahaya ya cika masa rabin buhu ya kai masa har gida.

Lungun ya yi kyau. Bana kusan rabin gonar Muntari sabon irin ne. Amma duk wanda ya tambaye shi yakan ce yawa ne kawai da ita, tuwonta bai kai na tsohuwar shinkafarsu daɗi ba. Ya kuma hana Basira tuƙa masa ita. Ta kasuwa ce, in ji shi, ta ci kuwa daga tsohon rumbu za a ɗibo.